Kwali Daban, Lasisi Daban

Yau ba labarin soyayya na kawo maku ba, masu jiran ci gaban littafi su yi mani haƙuri zuwa wani makon. Wata magana ce ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya, wato wannan ɗabi'a da muka ɗauka ta haɗa takardu biyu da ba ɗaya ba mu cusa su a buhu guda: kwalin digiri da jami'a ke bayarwa, da lasisin aiki da hukumar masu sana'a ke bayarwa. Na farkon muna girmama shi har mun kusa mu yi masa ruku'u. Na biyun kuwa, wanda shi ne ya shafi lafiyarmu da dukiyarmu da rufin da muke kwana a ƙarƙashinsa, da yawanmu ba mu ma san ana tambayarsa ba.

Dubi katin ɗaurin aure, dubi fastar 'yan takara, dubi allon ƙofar ofis. Kowa Dokta, kowa Injiniya, kowa Barista, wani ma sai ka ga ya jera uku a gaban sunansa kamar motocin rakiya. Ba wanda zai ɗaga baki ya ce, Dokta a wane fanni, kuma wa ya ba ka izinin taɓa marar lafiya? Ai rashin kunya ne a ganinmu. To ni dai yau zan yi rashin kunyar.

Ga bambancin a taƙaice, kafin mu shiga daji. Digiri shaida ce cewa ka zauna a aji na wasu shekaru, an yi maka jarrabawa, ka ci. Labarin jiya yake bayarwa. Da zarar ya shiga hannunka ya zama naka har kabari, ko da ka manta duk abin da aka koya maka, ko da ka yi shekara ashirin kana sayar da atamfa a Kantin Kwari. Lasisi kuwa izini ne, kuma labarin yau yake bayarwa. Yana cewa wannan mutumin mun gwada shi, mun yarda ya yi wannan aikin a kan jama'a, sunansa na cikin kundinmu, in ya yi ɓarna ku zo wurinmu. Ana sabunta shi, ana dakatar da shi, ana kuma ƙwace shi. Wanda ya karanta yadda injin mota ke aiki ya san mota, amma wannan bai ba shi damar ɗaukar fasinja daga Unguwa Uku zuwa Kaduna ba, sai da lasisin tuƙi. Kama da wane ba ta wane.

Ɗauki likita, don shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Yaro ya yi shekara shida a jami'a ya fito da digirinsa na likitanci. A ranar da ya karɓi wannan kwali bai zama cikakken likita ba tukuna. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, za ta yi masa rajistar wucin gadi, ya je wani asibitin da hukumar ta amince da shi ya yi shekara guda yana aiki a ƙarƙashin idon manya, yana zagaya sassa, daga na yara zuwa na haihuwa zuwa na tiyata. Sai manyan nan sun sa hannu sannan a yi masa cikakkiyar rajista, kuma duk shekara sai ya sabunta lasisinsa. In ya yi sakaci da ran mutum akwai kotun ladabtarwa ta hukumar da za ta iya dakatar da shi ko ta goge sunansa daga kundi. Jami'ar da ta yaye shi ba za ta ce ya dawo mata da kwalinta ba, yana nan rataye a falo, amma hannunsa ya haramta ga majinyaci. Wanda ya yi karatun a waje ma, a Sudan ko Masar ko Indiya, sai ya zauna jarrabawar tantancewa ta hukumar in ya dawo. Abin da zai ba ka mamaki kuma, shi wannan da muke kira Dokta digirin farko ne da shi. Sunan na aikinsa ne, ba digirin digirgir ba ne. Shi kuwa mai digirin digirgir a kan tarihin daular Borno shi ma Dokta ne na gaskiya, ba wanda ya isa ya hana shi, sai dai in matarka na naƙuda kada ka buga masa ƙofa.

Haka lauya. Shekara biyar a jami'a ba ta ba shi damar tsayawa gaban alƙali ba. Sai ya je makarantar horar da lauyoyi, wadda aka kafa da dokar 1962, wadda mu nan Kano muna da reshenta a Bagauda, ya yi shekara guda, ya ci jarrabawarta, dattawan lauyoyi su rantsar da shi, a rubuta sunansa a kundin Kotun Ƙoli. Ya ci amanar kuɗin wanda yake karewa, a goge sunan.

Na san abin da wani ke faɗi a ransa tun daga sakin layi na biyu: ai dole ka ce haka, kai da karatunka ya tsaya a sakandare, hassada ce kawai. To malam, ka zauna da kyau. Ni ban ce digiri banza ba ne, kuma duk uban da ya samu halin kai ɗansa ko 'yarsa jami'a ya ƙi, ya cuce su. Akasarin lasisin da nake magana a kai ma ba ka isa ka neme su ba sai da digirin a hannu. A shekarar 2022 da Malam Isa Ali Pantami ya fitar da littafinsa kan fifikon ƙwarewa a kan tarin kwali, an yi ta tayar da jijiyar wuya, wasu na cewa mai digiri bila adadin yana hana 'ya'yan talakawa karatu. Ni ba wannan gardamar na shigo ba, don a ganina an bar jaki ne ana dukan taiki. Tambayata ita ce, a cikin takardun nan biyu wacce ce ke da mai ita, wanda za ka je wurinsa ka kai ƙara? Rashin digirina bai hana ni sanin cewa in gini ya rufta a kaina ba zai tambaye ni ajin da na tsaya ba.

Abin takaicin ma shi ne Bahaushe ya san wannan bambanci tun kafin Bature ya zo da alli. Ilimi daban, izini daban. Yaron wanzami zai yi shekaru yana riƙe zabira, yana wasa aska, yana kallo, amma ba zai yi wa jariri cire beli ko ya yi kaciya da kansa ba sai ubangidansa ya yaye shi, kuma a gari akwai Sarkin Aska da za a kai wa ƙara in aka yi ta'asa. Maƙera na da sarkinsu, mahauta na da Sarkin Fawa, magina na da nasu. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, sarautar gini aka ba shi don an ga aikin hannunsa, kuma har yau masana gine-gine na zuwa kallon bakan gizon da ya ɗaura. A zaure ma haka abin yake. Almajiri zai iya sauke littafi a gaban malami, amma izinin karantar da shi, wato ijaza, wani abu ne daban da malamin ke bayarwa in ya gamsu, kuma yana ɗauke da sunan wanda ya bayar da na wanda ya ba shi. Ka ga ke nan a kullum akwai wani mai suna da ya tsaya maka. Mu ne da muka waye muka yar da wannan, muka rungumi kwali tsirara.

Bari in faɗi inda abin ya fi yi mani ciwo, wato wajen iyaye. Uba zai sayar da gona, uwa ta sayar da 'yan kunnenta da akuyoyinta, a tura yaro jami'a. Abin da suka sani kawai shi ne yaro na karatun digiri. Ba su san cewa kwasa-kwasan sana'a ƙofa biyu gare su ba. Akwai amincewar hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, akwai kuma amincewar hukumar ita sana'ar, wadda takan ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka gwargwadon malamanta da kayan aikinta. Jami'a ta yi haɗama ta ɗebi fiye da adadin, ko ta buɗe kwas ba tare da amincewa ta biyun ba, yaro zai gama lafiya lau, a yi walima, a ɗauki hoto da hula mai tunku, sannan ya tarar da ƙofar a kulle. Ba tatsuniya ba ce. Ɗaliban da suka karanta shari'a a jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, NOUN, sun shafe shekaru riƙe da digirinsu, majalisar kula da ilimin lauyoyi ta ƙi karɓarsu a makarantar lauyoyi, sai daga baya aka buɗe masu wata hanya ta musamman. Shekarun da suka tafi a jira wa zai biya su?

Ko ka ɗauki yarinyar da ta nemi likitanci ba ta samu ba, aka ce mata ga kwas ɗin nazarin ƙananan halittu, ai duk asibiti ne. Ta yi shekara huɗu, ta yi bautar ƙasa, ta je neman aiki a ɗakin awon jini, a ce mata ina lasisinki na hukumar masu gwaje-gwajen asibiti? Babu, don kwas ɗinta ba shi ne ke kai wa can ba. Ƙawarta kuwa da aka yi wa dariya don ta tafi makarantar koyon jinya ta shekara uku, ta ci jarrabawar hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma, tana da lambar rajista, kuma asibitoci ne ke nemanta, har da na ƙasashen waje. A gidan biki dai mai digirin ce za a ba kujerar gaba.

Ga wata kuma da ba a cika gaya wa 'ya'yan talakawa ba. Ƙungiyar akantoci ta ICAN, wadda aka kafa da doka a 1965, tana da tsarin jarrabawar ƙananan akantoci da mai shaidar sakandare da kiredit ɗinsa zai iya shiga, ya bi mataki-mataki har ya kai ga jarrabawar manya ya zama cikakken akanta. Wanda ya yi digiri a fannin akanta kuwa, har da na biyu, in bai bi ta ICAN ko takwararta ANAN ba, ba shi da ikon sa hannu a kan binciken kuɗin kamfani. Yara nawa ne a unguwanninmu ke zaune shekara uku suna maimaita JAMB, alhali ga wannan ƙofa a buɗe ba wanda ya nuna masu? Malamin da zai nuna masu shi ma kwali kawai ya sani. A nan wasu marubuta da masu shirya fim na da nasu kason. Kullum tauraron labari ya dawo daga Landan da digiri, washegari yana juyi a kujerar ofis, iyayen yarinya na rawar jiki. Ba ka taɓa ganinsa yana kwana a kan littafi don jarrabawar ƙwarewa, balle ka ga ya faɗi ya sake. Mai karatu ya tashi da tunanin kwali shi ne ƙarshen tafiya.

Wannan asarar kuɗi ce da shekaru. Akwai ta rai.

Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ya rufta, ya kashe mutum sama da 40, har da mai ginin. Jami'an jihar sun ce hawa 15 aka ba da izini. Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne wata wasiƙa da ta fito bayan faruwar abin, wadda kamfanin injiniyoyin da ya fara sa ido a kan aikin ya rubuta tun watan Fabrairu na 2020, yana cewa ya janye hannunsa don ba zai iya tsaya wa ingancin aikin ba. Me ya sa injiniya zai bar kwangila mai maiƙo irin wannan ya yi tafiyarsa? Saboda yana da abin da zai rasa. Sunansa na cikin kundin COREN, hukumar da dokar 1970 ta kafa don kula da aikin injiniya, kuma hatiminsa ne a kan zane. Wanda kwali kawai gare shi, ko wanda ma ba shi da komai sai jar hular kwano da baki, me za a ƙwace masa? A Jos ma, a watan Yuli na 2024, ginin wata makaranta ya rufta a kan yara suna cikin aji, aka rasa rai 22. A garuruwanmu kuwa kowa ya san yadda ake yi. Alhaji zai ɗora bene hawa uku, ya kira wani yaro da unguwa ke kira Injiniya don ya taɓa zuwa kwalejin kimiyya, a rage rodi, a ƙara yashi a siminti, a ce Allah ya tsare. A doka, kammala digirin injiniya bai ba mutum damar kiran kansa Injiniya ba, sai ya yi shekarun aiki a ƙarƙashin na gaba da shi an yi masa rajista. Mu kuwa tun yana aji biyu muke liƙa masa.

A shekarar 2015 aka bankaɗo wani mutum da ya shafe kusan shekara tara yana aiki a matsayin likita a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da takardun abokinsa. Ma'aikatar lafiya fa, ba wani asibitin ƙauye ba! Takardun da ya gabatar na gaske ne, mai su ne ba shi ba, kuma da aka koma kundin hukumar likitoci aka duba fayil ɗin mai sunan, nan take asiri ya tonu. In haka ta faru a Abuja, ina ga lungunanmu, inda mai kemis ɗin da izininsa bai wuce sayar da ƙananan magunguna a cikin kwalinsu ba ya koma yin allura, yana ɗaura ruwa, yana ɗinki, mata na kiransa Dokta?

Kuma kada ka manta, a cikin takardun biyu kwali ya fi saukin sayowa. Mu Kanawa ba sai an ba mu labari ba. A 1999 Salisu Buhari ya sauka daga kujerar Kakakin Majalisar Wakilai bayan an gano digirin da ya ce ya samo a Jami'ar Toronto babu shi, har sunan garin ya zama laƙabin takardar bogi a ƙasar nan. Bayan shekara 24, a watan Disamba na 2023, ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya ba da labarin yadda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, kuma da wannan takarda aka ɗauke shi bautar ƙasa. Sai a watan Janairu na 2024 gwamnati ta farka ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, daga baya ministan ilimi na lokacin ya ce mutum sama da dubu 22 ne ke yawo da irin waɗannan takardu. Mako shida! Ni littafi mai shafi tamanin ma ba na gama shi a mako shida. Me ya sa kasuwar ta yi albarka haka? Saboda mun gina ƙasa inda ake tambayar takarda ba a tambayar aiki, kuma mai sayarwa ba ya kasa kaya sai ya ga masu saye.

Sai digirin girmamawa. Shi asalinsa abu ne mai kyau. Da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, jami'ar ce ta ƙaru, domin ta yarda cewa akwai ilimin da ba a ajinta aka samo shi ba. Ba kuma wanda ya taɓa kai wa Dokta Shata marar lafiya. Amma da abin ya koma na masu kuɗi da masu mulki, har shugabannin jami'o'in da kansu suka ji kunya suka taru a Keffi a 2012 suka yi alkawarin daina bai wa masu riƙe da muƙamin siyasa. Ka duba fastocin zaɓen da suka biyo baya ka gaya mani ko an daina.

Ita kanta gwamnati ita ce babbar mai bautar kwali. Ɗan kwalejin kimiyya da fasaha, irin ta Kaduna, zai yi shekara biyu na ƙaramar difloma, shekara guda a masana'anta, shekara biyu na babbar difloma. Shekara biyar ke nan, da yawanta hannu cikin baƙin mai. Ya shiga aikin gwamnati, shekara da shekaru aka yi ana tsayar da irinsa a mataki na 14, yaron da ya koya wa aiki ya zo ya wuce shi don shi daga jami'a ya fito. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin soke wannan wariya a 2021, Shugaba Buhari ya sauka a 2023 bai sa masa hannu ba. Wani abin dariyar ma a saman bene yake. Babban likita, wanda bayan digirinsa ya yi shekaru biyar ko shida yana samun horon ƙwarewa a asibitin koyarwa, ya ci jarrabawar kwalejin manyan likitoci, yana buɗe ƙirjin mutum ya rufe, yana koyar da ɗalibai har ya zama farfesa, sai a ce bai cancanci neman shugabancin jami'a ba don ba shi da digirin digirgir. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙungiyar manyan likitocin ta yi yajin aikin gargaɗi a watan Nuwamba na 2024. Mutumin da ka yarda ya riƙe zuciyarka a hannunsa, ba ka yarda ya riƙe taron majalisar jami'a ba.

To kada masu lasisi su yi ta tafi, don su ma da kashi a gindinsu. An kafa hukumar rajistar malamai, TRCN, tun 1993, amma sai a 2017 ta fara yi wa masu neman rajista jarrabawa. A wannan shekarar ce gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta sa ba. Ƙungiyar malamai ta ce ai gwamna ba shi da hurumin gwada malami, aikin hukumar rajista ne. A ƙa'ida maganarsu na da ƙamshin gaskiya. Amma ina hukumar take duk shekarun da waɗannan mutane ke gaban allo? Lasisin da ba a gwada mutum kafin a ba shi, ba a kuma taɓa ƙwace shi daga hannun kowa, shi ma kwali ne, sai dai an canza masa launi. Ga kuma cibiyoyi barkatai da suka fito kamar naman kaza bayan ruwa, kowacce da dogon suna. Ka biya kuɗi, ka je otal a Abuja ranar Asabar, a yi lacca ta awa biyu, a ci shinkafa, a rataya maka alkyabba, ka dawo da haruffa huɗu a bayan sunanka. Hanyar gane na gaske ba wuya: tambayi ko ana faɗuwa jarrabawarsu, kuma ko sun taɓa korar wani don ya yi ɓarna.

Ba kuma kowace sana'a ce ke buƙatar lasisi ba, wannan ma a faɗe shi. Lasisi na wurin da kuskuren mutum zai kashe wani ko ya tsiyata shi, kuma wanda abin zai shafa ba shi da yadda zai gane gwani da ido kafin aikin gama ya gama. Majinyaci ba zai iya gwada likita ba, shi ya sa ake gwada masa. Amma mai karatu na iya gwada marubuci da kansa, ya buɗe shafi uku a tsaye a gaban mai shago, in bai yi masa ba ya ajiye. Shi ya sa lokacin da hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Kano ta ce a 2008 kowane marubuci ya zo ya yi rajista, marubuta suka ƙi amincewa, kuma da gaskiyarsu. A shekarun 1990 malaman jami'a suka raɗa wa littattafanmu suna adabin kasuwa, ga shi ɗalibansu sun yi ta samun digiri na ɗaya da na biyu da na uku a kan nazarin littattafan nan. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure, an fassara littafinta zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012. Ba kwali, ba lasisi, kuma ba wanda ya mutu.

Waɗanda suka fi buƙatar takardar shaida su ne waɗanda aka fi mantawa da su: birkila, mai walda, mai haɗa wayar lantarki, mai gyaran famfo, bakanike. Aikinsu na kisa in ya ɓaci, gobarar kasuwanninmu shaida ce. Kuma hanyar tana nan a rubuce. Ma'aikatar ƙwadago na da gwajin sana'a mai mataki uku, hukumar NABTEB na shirya jarrabawar fasaha, hukumar NBTE da ke Kaduna na da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga wanda ya koyi aiki a gareji ko a kasuwa irin Panteka, ita kanta COREN tana da kundin masu aikin hannu, ba na injiniyoyi kaɗai ba. Amma wane maigida ne ya taɓa tambayar mai waya takardarsa kafin ya sake masa gida? Tunda ba a tambaya, shi ma ba zai ɓata kuɗinsa ya nema ba, gwani da ɗan koyo duk farashinsu ɗaya.

Abin da nake nema ba ya buƙatar sabuwar doka ko kwamiti. Uban da zai biya kuɗin kwas ɗin likitanci, ko jinya, ko haɗa magunguna, ko shari'a, ko injiniya, ya tura yaro ya duba a intanet ko hukumar sana'ar ta amince da wannan kwas a wannan makaranta, kafin ya kai gonarsa wurin dillali. Asibitin kuɗi ya rataya lasisin bana na likitocinsa a inda ake yankar kati, kusa da farashin ganin likita, tunda shi farashin ba a taɓa mantawa da rataya shi ba. Duk benen da ake ɗorawa kuma, a kafa allo a bakin titi ɗauke da sunan injiniyan da lambar rajistarsa, da manyan baƙaƙe yadda mai wucewa a kan babur zai iya karantawa, kuma ma'aikatan tsara birane da ke zuwa shafa jan fenti a bango su fara duba wannan allon kafin su tambayi ina maigida.